Sunan Da Susanna Ba Ta Kira Ba

Duk wanda ya zauna a Hayin Dogo cikin Samaru ya san shagon Susanna, ko da bai san ainihin sunanta ba. Ɗan ƙaramin shago ne a jikin gidan haya, da keken ɗinki biyu, ɗaya na ƙafa ɗaya na wuta, da benci guda inda mata ke zama su jira kayansu. Shekara ashirin da biyu tana ɗinki a nan. Ita ke ɗinka wa zumuntar matan majami'arsu anko duk Kirsimeti, kuma ba a taɓa jin an mayar mata da riga don hannu ɗaya ya fi ɗaya ba. Maman Gregory ake ce mata, don Gregory ne ɗanta na fari.

Ita kanta ba ta taɓa furta wannan suna ba. Susanna Bahaushiya ce daga wani ƙauye a ƙasar Giwa, inda kakanninta suka karɓi bishara amma ba su yar da al'adar gida ba. A can uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Kunya ce, kuma da ita ake gane macen da ta samu tarbiyya. In tana maganarsa sai ta ce "yaron nan". In da shi take, sai ta ce "kai". Matan Kudancin Kaduna da suke sujada tare sun sha yi mata dariya a kan haka. Suna ba da labarin ranar da ta kai shi awo yana jariri, malamar asibiti ta tambayi sunansa za ta rubuta a kati, Susanna ta sunkuyar da kai ta yi gum, har sai da wata maƙwabciya da ke bayanta a layi ta faɗa.

Da yaron ya girma sai ya mayar da abin wasa. Yakan zauna a bencin shago ya ce ya manta sunansa, Mama ta taimaka ta tuna masa. Ya yi alkawarin ranar da ta kira shi da suna zai yanka mata zakara. Ita kuwa sai ta jefe shi da ƙyalle, ta ce ya tashi ya ba masu aiki wuri. Mijinta Martins, wanda ke kula da shanu a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, yakan ce duk gidan babu masu shiri kamar su biyun nan, sai dai ba su so a sani.

Gregory yana da shekara goma sha tara, ya samu gurbin karatun aikin gona a jami'a yana jiran a buɗe, sai wata Asabar cikin Nuwamba ya raka ta kasuwar Sabon Gari ɗauko atamfar anko. Turmi talatin ne, aka ɗaure su ƙunshi biyu. A hanyar dawowa keke mai ƙafa uku da suka hau ya sauke su a Kwangila, inda za su tsallaka titi su shiga motar Samaru. Suka tsallaka da ƙunshi ɗaya, ya bar ta tsaye da shi, ya koma ɗauko na biyu. Ya saɓo shi a kafaɗar hagu, ƙunshin ya tare masa ganin wannan gefen. Ta wannan gefen ne tifa ta taho ɗauke da yashi, birki ya ƙi.

Susanna ta ga motar tun kafin ya sa ƙafa a kwalta. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne abin da bakin ya saba da shi shekara goma sha tara.

"Kai! Kai!"

Maza uku ko huɗu da ke kusa da ita suka waiwayo, har da wani mai sayar da rake. Gregory bai waiwayo ba.

Tun daga jana'iza har aka tashi zaman makoki babu wanda ya ga hawayenta. Tsofaffin da suka zo daga ƙauye suka ce haka ake so, ɗan fari ba a yi masa kuka a bainar jama'a. Matan zumunta suka ce ƙarfin bangaskiya ne, har fasto ya kawo ta misali a wa'azi. Kowa ya ce ya haƙuri, ta ce da godiya. Mutanen unguwa kuma, don tausayi, suka daina ce mata Maman Gregory, suka koma Maman Christabel, sunan 'yarta ta biyu, wadda daga ita babu wani. Cikin wata guda sunan ya ɓace daga Hayin Dogo kamar an bi shi da tsintsiya. Abin da ya faru a bakin titin kuwa, tsakanin buɗe bakinta da isowar motar, ba ta faɗa wa kowa ba, har mijinta.

Ankon wannan shekarar ba a ɗinka shi ba. Ƙunshin da ya tsira ta tura shi ƙarƙashin teburin yanka, don da ta kusance shi ƙanshin sabuwar atamfa sai ya tayar mata da zuciya. Daga nan abin ya fara. Sai ya koma ga ƙara. Babban titi ba shi da nisa da shagon, kuma duk lokacin da babbar mota ta saki iskar birki sai almakashi ya suɓuce daga hannunta, gumi ya keto mata, ƙirjinta ya riƙa bugawa har cikin kunne. A 'yan daƙiƙun nan ba ta cikin shago. Tana ganin ƙunshi a kan kafaɗa, da ƙeyarsa, da wani ɗan tabo da ke bayan kunnensa. Abin ya taɓa kama ta tana cikin auna wata amarya, ta tsaya da tef a wuyan yarinyar ba ta motsi har yarinyar ta tsorata. Barci ya zama na gyangyaɗi, takan farka bakinta a buɗe babu murya. Ita da ba a san ta da faɗa ba ta fara yi wa masu kawo ɗinki tsawa. Sau biyu tana ɓata yadin mutane a wajen yanka.

Mai kemis ɗin layinsu ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ta sha magani. Ya ce taifot ne, aka sa mata ruwa. Ya ɗaura mata abin awo a hannu ya ce hawan jini ne, ta rage gishiri. Matan zumunta suka zo suka yi azumi da addu'a kwana uku a tsakar gidan, ta kuma ji daɗin zuwansu ƙwarai. Ranar da suka tafi wata tirela ta danna ham a titi, Susanna ta tsinci kanta a durƙushe ƙarƙashin teburin yanka, kusa da ƙunshin da take gudu.

Da a kanta kaɗai abin ya tsaya, da ta ci gaba da haɗiye shi, don ta iya. Amma akwai Christabel. Yarinyar tana da shekara goma sha shida, tana aji biyar a wata sakandaren 'yan mata ta mishan a Sabon Gari, kuma babu hanyar zuwa can sai ta Kwangila, tafiya da dawowa. Da aka koma makaranta a Janairu Susanna ta ce a bar ta ta huta mako guda. Mako ya zama wata. Ta ninke kayan makarantar ta sa a akwati ta kulle, makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Martins ya ce to a nema mata wata makarantar a nan Samaru, amma wadda za ta karɓe ta tana tsallaken babban titi, Susanna ta ce titi titi ne. Ko sayen barkono ba ta aikenta in ya wuce bakin layi. Haka zango biyu suka tafi.

A watan Yuni wasiƙa ta zo daga shugabar makarantar. Ta ce sun yi juyayi kuma sun jira iyakar jira, amma in Christabel ba ta dawo ranar da za a koma a Satumba ba, ba za a sa sunanta cikin masu jarrabawar fita ba. Christabel ce ta karanta musu ita a tsakar gida. Da ta gama ta ninke takardar, ta dubi uwarta.

"Mama, Yaya ne ya mutu, amma ni kika binne."

Daga ranar, in ban da gaisuwa, babu abin da ke haɗa su. Martins mutum ne mai ƙarancin magana, amma ya faɗi tasa sau ɗaya: in Satumba ta zo ba a buɗe akwatin nan ba, zai kai yarinyar gidan ƙanwarsa a Chikaji, kusa da makarantar, ta zauna can ta gama karatu. Susanna ta san zai aikata. Ta kuma san in yarinyar ta fita daga gidan a haka, ba ƙafarta kaɗai ce za ta yi nisa ba.

Cikin Yuli, wata rana da hantsi ana yayyafi, sai ga Scholastica. Ita ce mai shagon atamfar da suka ɗauko kaya ranar, 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Sabon Gari, wadda Hausa ta fi zama a bakinta fiye da yaren iyayenta. Shekara goma sha biyar suna hulɗa. Tun daga bakin ƙofa, tana kakkaɓe lema, ta fara.

"Maman Gregory, kin samu wata Scholastica a Samaru ne, ko kin yi arziki kin koma Kantin Kwari?"

Wata bakwai ke nan Susanna ba ta ji sunan a bakin kowa ba. Ta dafa tebur. Kafin ta samu abin cewa wata babbar mota ta ja birki a titi, abin ya kama ta a gaban baƙuwar. Scholastica ba ta yayyafa mata ruwa ba, ba ta kira kowa ba. Ta ja ƙofar shagon, ta zauna a ƙasa kusa da ita har numfashinta ya daidaita.

Sai ta ba ta wani labari da ba ta taɓa ba ta ba. A wani rikici shekarun baya an ƙone mata shagonta na farko, ta yi rabin yini kwance cikin kwalbati tana jin ƙafafu suna wucewa ta samanta. Bayan komai ya lafa, shekara uku ta yi ko masara ake gasawa a bakin titi sai ta zubar da abin da ke hannunta ta ruga. Matar wanta, wadda nas ce, ita ta ja ta zuwa asibitin koyarwa na Shika, wajen wata ma'aikaciya da aikinta shi ne zama da masu irin wannan ciwo.

Susanna ta tambayi wane ɓangare. Da ta ji, sai ta kau da kai.

"Ni ba mahaukaciya ba ce."

"Ni ce mahaukaciyar? Shekara goma sha biyar, kin taɓa ganin na ba ki yadi biyar a maimakon shida?"

Susanna ta ce ana yi mata addu'a. Scholastica ta ce ita ma ta yi har gwiwarta ta yi kanta, kuma har gobe tana yi, amma wanda ya karye ana yi masa addu'a ne a kuma kai shi wajen mai ɗori. Duk wannan bai motsa Susanna ba. Abin da ya motsa ta shi ne abin da Scholastica ta faɗa tana ɗaukar lemarta, kamar ba da gangan ba: daga Samaru, hanyar Shika ba ta bi ta Kwangila.

Martins ne ya kai ta a kan mashin ɗinsa wata Talata. Bayan likita ya duba ta ya rubuta mata maganin barci na 'yan makonni, aka tura ta wani ƙaramin ɗaki mai kujeru biyu da fanka. Matar da ke ciki Malama Busola ake ce mata, Bayarbiya ce da ta tashi a Zariya, ta karanci halayyar ɗan Adam. Ba ta ce a yi haƙuri ba. Tambayoyi ta yi, ɗaya bayan ɗaya: barci, ƙara, wari, wuraren da ta daina zuwa, ko abin yana dawo mata kamar yanzu yake faruwa. Susanna ta yi mamakin yadda matar ta san abubuwan da ba ta faɗa ba tukuna. Malama Busola ta ce ba duba take yi ba, ciwo ne sananne da ke kama wanda ya ga mummunan abu da idonsa. Hatsarin ya wuce, amma jiki bai yarda ya wuce ba, sai ya zauna cikin shirin gudu. Ba hauka ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba, kuma ana samun sauƙi, sai dai ba a rana ɗaya ba.

Sai ta tambayi sunan yaron. Susanna ta sunkuyar da kai.

"Ɗan fari ne?"

Ta gyaɗa kai. Malama Busola ba ta matsa ba. Ta ce to, da me take kiransa? Susanna ta buɗe baki za ta ba da amsa, sai ta ji ƙanshin atamfa a ɗakin da babu atamfa. A nan zaman ranar ya tsaya.

Sai a zama na huɗu ta iya faɗa. Malama Busola ta sa ta bi ranar daki-daki, daga ɗaure ƙunshi har zuwa bakin titi, tana tsayar da ita tana tambaya: a ina take tsaye, shi yana ina, me kunnenta ke ji. A nan ne Susanna ta tuna abin da wata takwas ba ta tuna ba. Tifar tana danna ham babu ƙaƙƙautawa tun daga nesa. Mazan da suka waiwayo suna dab da ita ne, in ta miƙa hannu za ta taɓa su. Gregory kuwa yana can ɗaya gefen, da faɗin titi da hayaniyar Kwangila a tsakaninsu. Duk da haka ta ce da sunansa ta kira da ya ji, mutum yana jin sunansa ko a tsakiyar kasuwa.

"Ban san ko zai ji ba," in ji Malama Busola. "Ke ma ba ki sani ba. Amma wata takwas kina hukunta kanki kamar kin sani."

Susanna ba ta karɓi maganar ba. Makon da ya biyo ya fi duk na baya muni, har ta ce ba za ta koma ba, tonon ciwo kawai ake yi mata. Martins ya tambayi abin da aka tono. Ta faɗa masa, tana kallon ƙasa. Sai ya ce ranar Asabar ɗin nan shi ya kamata ya raka ta, sai wata saniya ta kasa haihuwa aka kira shi, ya ce yaron ya je. Tun daga lokacin bai ƙara iya tsayawa a kan haihuwar saniya ba, wani yake roƙo ya tsaya masa. Da Talata ta zagayo ya fito da mashin, ta hau.

Aikin da aka ba ta bayan nan ƙanana ne, har da farko ta raina su. Ta koyi jan numfashi a hankali tana ƙirga shi, da taka ƙasa da ƙarfi tana faɗa wa kanta ranar da ake ciki. Ta ciro turmi ɗaya daga ƙunshin ta ɗora a cinya minti biyar. Ta tsaya a tashar Samaru har manyan motoci goma su wuce. Ta shiga mota zuwa unguwar Zango da ke kusa ta dawo. Sau uku tana gwada wannan kafin ta iya zama har a isa. Daga baya ta kai Palladan. Satumba ta zo ba ta wuce nan ba, kuma Kwangila tana gaba.

Ranar Lahadi bayan sujada ta kwance makullin daga bakin zanenta ta buɗe akwati. Da Christabel ta gwada kayan sai aka ga siket ɗin ya ɗage, yarinyar ta ƙara tsawo a watannin da take kulle. Susanna ta ɗauko tef ta durƙusa ta auna ta daga ƙugu zuwa gwiwa. Rabon da ta taɓa jikin 'yarta ta manta. Ta farke kalmasar ta sake ta, ta goge. 

Da safiyar Litinin suka shiga mota tare. Susanna ta yi niyyar kai ta har ƙofar makaranta. Suka wuce Zango. Kafin su kai Palladan yatsunta sun mutu, wuyanta ya jiƙe, tana ƙirga numfashi tana ɓata lissafi. Ta ce wa kwandasta akwai mai sauka. Motar ta tsaya, ta sa ƙafa a ƙasa, sai ta ga hannunta yana riƙe da wuyan hannun Christabel, ta riƙe shi gam har yarinyar ta karkato daga kujera. Christabel ba ta fizge ba, ba ta kuma tashi ba. Kallon uwarta kawai take yi.

"Madam, mutum ɗaya ne ko biyu? Mutane na sauri," in ji kwandasta.

Susanna ta dubi titin da ya miƙe gaba. Ta ɗaga yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗaya ne."

Ta tsaya a bakin hanya da waya a hannu, tana taka ƙasa tana faɗa wa kanta yau Litinin ce, watan Satumba. Dama an yi da Christabel, in uwar ta kasa kaiwa, za ta biya ta shagon Scholastica kafin ta shiga makaranta. Minti ashirin da bakwai ta ƙirga. Da wayar ta yi ƙara sai da ta kusa suɓuce mata.

"Maman Gregory, 'yarki ta iso, har ta cinye min ƙosai biyu. Ki zo ki biya."

Christabel ta zauna jarrabawarta tare da 'yan ajinsu. Ankon kuwa an ɗinka shi a Disambar shekarar da aka buɗe akwatin daga ƙunshin da ya tsira, turmi goma sha biyar, bai ishi kowa ba, aka cika da wata atamfar da ba ta yi daidai da shi sosai ba. Susanna ta roƙi matan layinsu su koma kiranta da sunan da suka saba, wasu suka koma, wasu har yanzu suna jin nauyi. Ita kanta ta furta sunan sau ɗaya, a ɗakin nan mai kujeru biyu, cikin Oktoba, ba tare da an nema ba. Ya fito mata baƙo a baki, kuma ranar ce ta yi kukan da ba ta yi a makoki ba.

Har yanzu ba ta tsallaka Kwangila ba. Scholastica ke aiko mata da kaya. Tana zuwa Shika sau ɗaya a wata, kuma akwai makonnin da ƙarar birki ke mayar da ita bakin titin kamar ba a yi komai ba. Christabel tana koyon kwamfuta a Sabon Gari kafin ta samu jami'a, tana bin hanyar nan kullum. Masu kawo ɗinki sun san in ƙarfe uku da rabi ta yi ba a yi wa Susanna maganar riga. Takan ɗage ƙafa daga kan keke, ta ajiye almakashi, ta zauna tana fuskantar ƙofa har yarinyar ta shigo.